Yadda muka haɗa otofailot da fulotar GPS a jirgin ruwa mai tsawon mita 11

Jirgin na faiba ne, tsawonsa mita 11, injin dizal ɗaya, sitiyarinsa na man haidurolik, kuma a Legas yake kwana. Otofailot ɗin da ke ciki, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya kwana biyu, amma yana aiki. Ka juya goshin jirgi inda kake so, ka danna AUTO, ya riƙe maka wannan kusurwa har sai ka karɓi sitiyari. Abin da aka sabunta shi ne allon taswirar GPS, wanda masu aikin ke kira fulota. Buƙatar ita ce a zana hanya a kan fulota, zango bayan zango, otofailot ya bi ta da kansa. Aikin ya ci mana yini biyu, kuma ɗaura wayoyin bai kai awa uku ba a ciki. Sauran lokacin ya tafi wajen tabbatar da cewa kowace gaɓa tana faɗin gaskiya kafin mu jona ta da ta gaba.

Fulota ba ta tuƙi. Abu uku kawai take faɗa wa otofailot: nisan da jirgi ya kauce daga layin da aka zana, ɓangaren da ya kamata a karkata don a dawo, da kusurwar da zango na gaba yake. Otofailot ne ke ɗaukar wannan bayani, ya auna shi da abin da kamfas ɗinsa ke nunawa, sannan ya umarci famfo ya tura mai hagu ko dama. Saboda haka in kamfas na ƙarya, ko akwai iska a bututun mai, duk kyan waya ba zai sa jirgi ya bi layi ba. Shi ya sa muka ajiye fulota gefe guda, muka fara da otofailot shi kaɗai.

Sassansa biyar ne: akwatin kwamfutar tuƙi, kamfas na lantarki, famfon da ke juyawa gaba da baya, 'yar na'urar da ke auna juyin wutsiyar tuƙi, wato farantin nan da ke ƙarƙashin bayan jirgi, sai allon maɓallai kusa da sitiyari. Jirgi na ɗaure a matsaya muka juya sitiyari dama har ƙarshe, muka duba ko alamar wutsiya a allon ta tafi dama. Ta tafi. Muka danna AUTO, muka ƙara digiri 10, famfo ya tura wutsiya dama kamar yadda ya dace. Da a ce ya tura hagu, wayoyi biyun motar famfon ne a juye, kuma irin wannan jirgi in ya fita ruwa sai ya kama zagaye, domin duk gyaran da otofailot ya yi ƙara ɓata lamarin yake. Mun kuma kama hannun wutsiyar muka jijjiga. Akwai ɗan lilo, alamar iska a cikin mai. Muka cika tankin sitiyari, muka buɗe ƙusoshin fitar da iska na silinda ɗaya bayan ɗaya, muna kunna famfo hagu da dama har man ya daina fitowa da kumfa.

Wayar wutar famfo ita ma ba mu bar ta ba. Mai kaurin 2.5 mm² muka tarar, tazarar mita 5 daga batir, wato mita 10 zuwa da dawowa. Irin wannan famfo yana iya jan amfiya 15 a daidai lokacin da yake sauya juyi, kuma a wannan waya hakan na cinye fiye da bolt 1 kafin wuta ta isa. Muka sauya ta da 6 mm² mai rufin kuza, asarar ta sauko ƙasa da rabin bolt. Muka kuma ba famfon tasa birekar wuta daban. In famfo da fulota suna shan wuta a waya ɗaya, za ka ga fulota ta mutu ta sake tashi duk sanda igiyar ruwa ta bugi jirgi famfo ya yi ƙoƙari, mutum ya yi ta zargin fulotar alhali ba ruwanta.

Harsuna biyu da tafinta

Tsohon otofailot ɗin yana jin harshen na'urori da ake kira NMEA 0183 ne kawai. Sabuwar fulotar kuwa ba ta da ko wayar 0183, NMEA 2000 take yi. Sunayen sun yi kama domin ƙungiya ɗaya ce ta masu kayan lantarkin jiragen ruwa a Amurka ta tsara su, amma ba sa jin juna ko kaɗan. Na farkon ya fito a 1983. Rubutu ne zalla, jimla bayan jimla, mai magana ɗaya da masu saurare, a gudun bod 4,800, wato bit 4,800 a daƙiƙa. Na biyun hanyar sadarwa ce irin CAN da ke cikin motoci, gudunta kilobit 250 a daƙiƙa, kowace na'ura tana faɗa tana kuma ji a kan uwar waya guda. Ba a murɗa wayar wannan da ta wancan. Sai an sa tafinta a tsakani, 'yar na'ura mai soket ɗin NMEA 2000 a gefe ɗaya da wayoyin 0183 a ɗayan. Actisense NGW-1 na cikin sanannu, akwai wasu da dama. Mai tsohon kayan Raymarine kuma ya lura cewa SeaTalk na farko, harshen wannan kamfani mai wayoyi uku, shi ma a bod 4,800 yake gudu amma ba 0183 ba ne, tafintansa daban.

Uwar wayar NMEA 2000 muka fara ginawa, domin abin da ke jirgin guntu ne da aka sa wa eriyar GPS ta waje. Tsarin ba wuya. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, mahaɗai masu siffar T a jere, kowace na'ura ta sauko ta reshenta, marufi mai om 120 a kowane ƙarshe. Reshe ɗaya ba ya wuce mita 6, rassa duka a haɗe ba sa wuce mita 78, siririyar uwar waya kuma ba ta wuce mita 100. Namu duka bai kai mita 9 ba: T huɗu, na fulota, na eriya, na tafinta, da na shigar wuta. Wayoyi biyar ne a ciki. Ja da baƙa na wuta, fara da shuɗiya na bayanai, sai tsirarar waya ta garkuwa.

Kafin mu ba da wuta na ɗora mitar auna lantarki tsakanin fara da shuɗiya. Ya kamata a ga om 60, domin marufai biyu masu 120 a jere da juna rabi suke bayarwa. Na ga 40. Wannan lamba ma'anarta ɗaya ce, marufai uku ne a layin. Muka bi waya muka tarar da wani ƙarin T da ba kowa a kansa a bayan allon tuƙi, an toshe bakinsa da marufin om 120 don kada ruwa ya shiga. Bakin da ba a amfani da shi hular roba ake sa masa. Da muka cire, mita ta nuna 60. Da 120 na gani, da marufi ɗaya ne ya ɓace ko bai zauna ba. Abin haushi da irin wannan kuskure shi ne hanyar takan yi aiki haka nan in gajeriya ce, sai ranar da aka ƙara na'ura ko aka kunna rediyo ta fara yanke magana jefi-jefi.

Wutar uwar waya ta wuri ɗaya take shiga, da fiyus mai amfiya 3, daga batirin kayan cikin jirgi. Batirin tayar da inji yana faɗuwa ƙasa sosai lokacin da ake murza makulli, kuma NMEA 2000 na son tsakanin bolt 9 da 16. Kowace na'ura tana ɗauke da lambar LEN a jikinta ko a littafinta, LEN ɗaya miliamfiya 50 ke nan. Namu ya tashi 5, wato miliamfiya 250, nesa da iyaka. Garkuwar ma a wuri ɗaya muka sauke ta ƙasa, wato muka jona ta da ɓangaren negatif, wajen shigar wutar. Da muka kunna, muka shiga jerin na'urori a fulota, eriya da tafinta duka sun bayyana. Nan muka zaɓi eriyar waje a matsayin tushen wuri, domin fulotar tana da nata GPS a ciki, kuma in aka bar ta tana tsalle tsakanin biyun, wurin jirgi kan yi tsalle da 'yan mitoci, otofailot kuma ya bi tsallen da wutsiya.

Ɓangaren 0183 wayoyi biyu ne kacal, amma nan aka fi ɓata lokaci. A ƙa'ida mai magana yana da A da B, mai saurare ma haka, A zuwa A, B zuwa B. Ƙa'idar launi ta ce fari da ruwan ƙasa na mai magana, rawaya da kore na mai saurare, sai dai kamfanoni da yawa ba su bi ta ba, don haka littafin na'ura ake bi, ba a yarda da launi. Wasu sun rubuta + da − a maimakon A da B. Akwai kuma tsofaffin na'urori masu waya ɗaya da ƙasa, irin na kafin sigar 2.0 ta 1992. In mai magana ne mai waya ɗaya, wayarsa ta tafi A na mai saurare, B kuma ta tafi ƙasan mai maganar. In kuwa mai saurare ne mai waya ɗaya, A na mai magana ta shiga, a haɗa ƙasansu, a naɗe B a bar ta ba a jona ko'ina ba. Wanda ya sauke B na mai magana a ƙasa yana iya ƙona mafitar. Namu duka masu A da B ne. Muka ja waya murɗaɗɗiya mai garkuwa, mita 3, nesa da wayar eriyar rediyon VHF da ta altaneta, garkuwar a ɗaure a gefen tafinta kawai. Kowane haɗi muka matse shi da kan waya, muka rufe da robar da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki. Salatif ba ya wata uku a iskar gishiri.

Muka zaɓi wani zango a fulota, muka danna a je, muka danna TRACK, maɓallin bin layin fulota, a otofailot. Ya yi ƙara ya rubuta cewa babu bayanai.

A nan ba a fara kwance waya ba. Sai a tambaya, mai magana na magana kuwa? Na ɗora mita a kan A da B na tafinta, lamba na rawa sama da ƙasa, wato akwai abin da ke fita. Don in ga mene ne, na jona laftof ta 'yar mahaɗar USB, na buɗe manhajar karanta siriyal a kan 4,800, bit 8, ba fariti, tsayawa 1. Jimloli suka zubo sarai, kowace ta fara da alamar dala ta ƙare da tauraro da haruffa biyu na tantancewa. Da shirme na gani a allon, da gudun ne bai dace ba, domin tafintoci da yawa ana iya saita su a 38,400, gudun AIS, na'urar da jirage ke sanar da juna wurinsu, wanda tsohon otofailot ba ya ji. Tunda magana na fita daidai, saura kunne. Muka musanya wayoyi biyun a bakin akwatin otofailot, nan take ya ji. Abin da wani littafi ya kira A, ɗayan ya kira shi −. Tsakanin na'urori masu A da B juya wayar ba ya lalata komai, shiru kawai za ka ji, don haka gwaji ne mai arha.

Wani abin da ke ruɗa mutane a matsaya: fulota ba ta fitar da bayanin tuƙi sai akwai zangon da ake nufa. In ba a danna a je ba, jimlolin tuƙi ko dai ba sa fita, ko su fita da gurabe wayam.

Abin da laftof ya nuna mana ya fi gyaran wayar amfani. Tafinta na zubo duk abin da ya samu. A bod 4,800 haruffa 480 ne ke wucewa a daƙiƙa, jimla ɗaya kuma tana iya kaiwa haruffa 82. Jimlar GSV, mai lissafa taurarin ɗan'adam huɗu-huɗu, takan kai layi shida in eriya na ganin GPS da takwaransa na Rasha, GLONASS, tare, ita kaɗai ta kusa cinye daƙiƙar. Sakamakon shi ne jimlar tuƙi na zuwa a makare, wani lokaci bayan daƙiƙa uku. Otofailot da ke gyara kan tsohon labari kuwa tafiyar maciji yake yi. Muka shiga saitin tafinta muka kashe komai sai jimloli huɗu na tuƙi da wuri: APB, RMB, RMC da XTE, kowace sau ɗaya a daƙiƙa. Duka ba su kai rabin hanyar ba. A gefen NMEA 2000 kuma muka tabbatar fulota na fitar da saƙonnin da ake kira PGN, 129283 na kaucewa daga layi, 129284 na bayanin tafiya, da 129285 mai ɗauke da sunayen zanguna, domin daga su tafinta ke ƙera jimlolin.

APB ita ce uwa a cikinsu, ya kamata mai aikin ya iya karanta ta da ido. Ga yadda farkon tamu ya fito: $GPAPB,A,A,0.03,L,N,V,V,184,M. A biyun farko na nufin bayanin ingantacce ne. 0.03 nisan kaucewa ne, L na cewa a karkata hagu, N na nufin mil ɗin teku ne ma'aunin, wanda yake mita 1,852. V biyun na cewa ba a shiga da'irar isowa da ke kewaye da zango ba, ba a kuma gifta zango ba. 184 kusurwar layin ce, M kuma na nufin da arewar maganaɗisu aka auna. Abubuwa biyu ke ɓoye a nan. Na farko, da lamba biyu bayan ɗigo, mafi ƙanƙantar kaucewar da otofailot zai sani ita ce 0.01, mita 18 da rabi. Wasu na'urori na barin a ƙara zuwa lamba uku, amma ba kowane tsohon otofailot ke karɓa ba. Namu ya karɓa. Na biyu, harafin M ko T. Kamfas ɗin otofailot arewar maganaɗisu ya sani, kuma akwai tsofaffin da ba sa duba harafin, lambar kawai suke ɗauka. A Legas bambancin arewa ta gaskiya da ta maganaɗisu bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, mutum ba zai ma lura ba. A Kef Tawun ya haura digiri 20. Mun saita fulota a kan maganaɗisu don a zauna lafiya duk inda jirgin ya je.

Mun kuma ja waya ta biyu daga mafitar otofailot zuwa mashigar tafinta, don kusurwar kamfas ta isa fulota ta jimlar HDG, hoton jirgi ya riƙa kallon inda goshi yake ko da a tsaye. A wannan hanya HDG kaɗai muka bari ta wuce. In aka bar otofailot ya maimaita wurin GPS da ya ji ya koma wa fulota, bayani zai riƙa zagaye, har ta kai ga an cire eriya amma allo na nuna tsohon wuri kamar ba abin da ya faru.

A kan ruwa

Washegari da sassafe muka fita, lokacin da ruwa ya tsaya tsakanin cika da janyewa, muka sami fili nesa da manyan jirage da gadoji, domin ƙarfe mai yawa na jan kamfas. Aikin farko juya kamfas ne, wato zagayawa da jirgi don otofailot ya gano karkatar kamfas ɗinsa. Aka sa otofailot a yanayin gyara, muka yi zagaye biyu a hankali, kowane zagaye bai gaza minti 3 ba kamar yadda littafinsa ya nema. A ƙarshe yakan nuna mafi girman karkatar da ya gano. Ya nuna digiri 19. Abin da ya haura 15 ba a barin kwamfuta ta rufe shi, wurin kamfas ɗin ne ba daidai ba. Muka buɗe akwatin da yake ciki ƙarƙashin kujera, sai ga bayan lasifika da aka huda aka sa a ɗaya gefen katakon, tazarar da ba ta kai taƙi biyu ba. Maganaɗisun lasifika ya fi na duniya ƙarfi a wannan kusanci. Muka matsar da kamfas fiye da mita 1 daga lasifikar, daga wayar famfo da kuma injin, ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar jirgi inda lilo bai da yawa, da sukurori marasa kama maganaɗisu. Gwaji na biyu ya ba da digiri 4. Daga nan muka miƙe a gudun not 6, wato mil ɗin teku 6 a awa, muka daidaita lambar kamfas da kusurwar tafiya da GPS ke nunawa, muka juyo muka sake dubawa a kishiyar hanya. Ana yin wannan ne inda ba jan ruwa ba iska, in ba haka ba ka cusa jan ruwan wannan safiya cikin kamfas har abada.

Sai ƙarfin martani. A gudun da aka saba tafiya, not 8, muka ba shi juyin digiri 40 a AUTO. Abin da ake so shi ne ya juya da kuzari, ya ɗan zarce da kamar digiri 5, ya dawo ya zauna. Namu ya zarce da kusan 12 ya yi ta kai da komo, sai muka rage ƙarfin wutsiya da mataki biyu, muka ƙara na tarbe, wato wanda ke mayar da wutsiya kafin goshi ya kai inda ake so. In aka rage fiye da kima kuma jirgi ya zama malalaci, ya daɗe bai kai kusurwa ba. Duba bayanka ya fi duba allo. Sawun kumfa ya miƙe, an dace.

Sai a lokacin muka koma kan fulota. Gwajin farko na hagu da dama ne, kuma da hannu ake yinsa. Muka kunna hanya, muka kauce dama da gangan har mil 0.05, muka duba allon otofailot, ya nuna a koma hagu. Daidai. Daga nan muka dawo kusa da layi, muka daidaita goshi da kusurwar zango, muka danna sabunta kaucewa a fulota don layin ya fara daga inda muke, sannan TRACK. Wannan sabuntawa tana da muhimmanci. Layin yana farawa ne daga inda jirgi yake lokacin da aka danna a je. In ka danna tun kana matsaya, ka yi ta kewaye-kewaye kafin ka fito fili, layin na can wani wuri, kuma da ka danna TRACK jirgi zai yi wata muguwar kwana ya nufi layin, ko me ke tsakani. Otofailot ya yi ƙara, ya nuna ɓangaren da zai juya da kusurwar, ya jira. Sai da aka sake dannawa ya karɓa.

Bayan minti biyu kaucewa ta zauna tsakanin 0.002 da 0.006, wato mita 4 zuwa 11. Da ruwa ya fara janyewa, sai goshi ya daina kallon zango, ya karkace da kusan digiri 11. Kyaftin ɗin jirgin ya miƙa hannu zai danna STANDBY ya karɓi sitiyari, yana cewa na'ura ta rikice. Ba ta rikice ba, aikin ke nan da aka haɗa ta dominsa. Jirgi mai gudun not 8 da ruwa ke tura shi ta gefe da not 1.5 dole ya karkata goshi da kamar digiri 11 in zai tsaya a kan layi. A AUTO zalla goshi zai kalli inda aka ce, ruwa kuma ya kwashe jirgin gefe, kusan mita 350 a kowane mil. Lambar da ake kallo a TRACK ita ce ta kaucewa da kusurwar tafiya ta GPS.

A zango na biyu aka sami cikas na ƙarshe. Fulota ta wuce zuwa zango na uku, otofailot bai yi ƙarar neman izini ba, ya ci gaba kamar bai ji ba, sai daga baya ya fara kokawa da kaucewar da ke ta hauhawa. Sunayen zangunan ne. An sa musu BAKI1, BAKI2, BAKI3, kuma wannan otofailot haruffa huɗu kawai yake riƙewa daga suna, ta sauyin suna yake gane an shiga sabon layi. A wurinsa duka BAKI ne. Wasu na ɗaukar huɗun farko, wasu huɗun ƙarshe, saboda haka mafita mai sauƙi ita ce gajerun sunaye da suka bambanta ta ko'ina, ko a saita fulota ta aika lamba a maimakon suna in tana da wannan zaɓi. Muka mayar da su 01, 02, 03.

Da'irar isowa ita ma sai da muka taɓa. Mun tarar da ita a 0.1, mita 185, wato daƙiƙa 45 kafin zango a gudun not 8. A buɗaɗɗen teku ba laifi. A wuri mai matsi kuwa jirgi zai yanke kwana tun da nisa, ya bi ta inda ba a zana ba. In aka matse ta sosai, jirgi na iya wucewa ta gefe bai shiga ba, sai dai alamar gifta zango ta cece shi. Mun tsaya a 0.05, mita 93, kimanin daƙiƙa 22, wanda ya isa mutum ya ji ƙara, ya waiga, ya danna. Zaɓin juyawa ba tare da neman izini ba mun bar shi a kashe, kuma ra'ayina ke nan a kowane jirgi da ke yawo inda kwalekwale da ragar masunta suke.

Zangunan kansu mun sake duba su ɗaya bayan ɗaya da taswira a buɗe sosai, domin fulota na ɓoye duwatsu da wurare marasa zurfi in an janye hoton nesa. Biyu daga ciki an ɗora su daidai kan gangunan alama na mashigi. GPS na yau ya kai ya kai ka kan gangar da kanta, don haka muka matsar da su mita 100 zuwa gefen da ya dace a bi. Wani kuma an kwafo lambobinsa daga tsohuwar takarda. Fulota a kan ma'aunin wuri na duniya, WGS 84, take, tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su, kuma lamba ɗaya a ma'aunan biyu na iya faɗawa wurare masu tazarar gomman mitoci. Muka goge shi muka sake sa shi daga taswirar fulotar. Hanyar kuma daga wajen ganuwar duwatsun bakin mashigin Legas muka fara ta. Cikin mashigin, tsakanin manyan jirage da jiragen fasinja masu gudu, da hannu ake tuƙi, kuma doka ta 5 ta dokokin kauce wa karo a teku ba ta ɗauke wa kowa tsaron ido don ya kunna na'ura ba.

Gwaji biyu muka rufe da su. Muna cikin TRACK na zare reshen tafinta, cikin 'yan daƙiƙu otofailot ya yi ƙara ya riƙe kusurwar da yake kai, bai yi wata kwana ba. Sannan aka danna maɓallin magana na VHF a cikakken ƙarfi, wat 25, muna kallon lambar kamfas da ta kaucewa, ba wadda ta motsa.

Abu ɗaya bai samu ba, kuma mun faɗa wa mai jirgin tun farko: ba za a iya danna AUTO ko STANDBY daga allon fulotar ba. Waɗannan umarni kowane kamfani da nasa keɓantattun saƙonni, tafinta ba ya fassara su, don haka allon maɓallan otofailot na nan a wurinsa kusa da sitiyari. Saitunan da muka sauya kuma, gudun 4,800, jimloli huɗu, arewar maganaɗisu, tushen GPS, da'irar 0.05 da lambobin martani, mun rubuta su a kati muka liƙa a cikin murfin akwatin fiyus tare da zanen wace waya ta tafi ina, domin mayar da fulota ko tafinta saitin masana'anta yana share su duka, wani lokaci ma sabunta manhaja kaɗai ya isa.